Rasuwar Dattijo, Janaretan Shagon Aski

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, mai shagon askin da ke bakin layi, daura da famfo, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa sunkuyar da kai a kujerarsa cewa janaretansa, wanda aka fi sani da Dattijo, ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, bayan shekara tara yana hidima.

Marigayin ya shigo gidan nan a bayan babur, ja ne, na hannu, da tabo a tankinsa, tun Auta, ƙaramar 'yar maigida, tana goye. Bai taɓa tashi a ja na farko ba, kuma bai taɓa ƙin tashi ba. Sai an lallashe shi, an ɗan karkata shi gefe, a ja na uku ya ce "tuf... tuf... tuf-tuf-tuf", ya kama aiki. Albarkacinsa aka aske masu neman aiki da 'yan makaranta da tsofaffin da gashinsu bai kai a kunna inji dominsa ba. Rabin wayoyin layin nan a jikinsa suka sha caji. Yara huɗu sun ci, sun sha, sun sa takalmin makaranta daga guminsa.

Ba a faɗin aibin mamaci, amma nasa kowa ya gani a bango: yana hayaƙi.

A shekararsa ta biyu ɓarayi suka kusa ɗauke shi. Maigida ya zaga gida kaf yana neman ƙarfen da zai riƙe sarƙa, bai samu ba sai na tagar ɗakin yara, wanda ke manne da shago. A nan ya ɗaure shi da kwado biyu, salansarsa tana kallon bango, daidai ƙarƙashin tagar. Uwar yara ta leƙo ta ce, "Baban Auta, yanzu a hancin yara ka ɗaure mana shi?" Ya ce ai za a rufe tagar. Ya rufe ta, ya toshe kafofin da kwali, ya ɗauka magana ta ƙare.

Da Auta ta fara tari, maigida bai zauna ba, wannan kam a shaide shi. Ya hana ta ruwan sanyi. Ya je makaranta ya roƙi malama ta janye ta daga gaban allo saboda ƙurar alli. Ya yi faɗa da maƙwabci a kan kyanwarsa. Ya cire fankar ɗakin, ya mayar, ya sake cirewa. Kowa ya sha zargi a layin nan, ban da wanda ke ɗaure a ƙarƙashin taga.

Rashin lafiyar marigayi ta fito fili ne bayan gwamnati ta yi dokar hayaƙi, ta ce a fitar da tsofaffin injuna daga cikin gidajen mutane. Ranar da jami'an muhalli suka shigo layin, maigida ya kashe Dattijo da sauri, ya lulluɓe shi da tamfol, ya kifa baho a kai. Shugabarsu, wata mata mai tabarau, ta ɗora tafinta a kan tamfol ɗin ta ce, "Malam, kayan wankinka na da zazzaɓi." Ta sa aka tayar da shi, ta kara masa na'urarta, ta girgiza kai. Sannan ta shafa yatsa a bakin tagar, ya fito baƙi ƙirin, ta tambaya wa ke kwana a ciki. Maigida ya ce tarkace ne kawai. Takalman Auta suna nan a bakin ƙofa, kowa yana ganinsu.

Ta liƙa wa marigayin jar takarda, ta ba da mako biyu a kai shi inda hukuma ke tara irinsa. Da za ta tafi ta ce, "Ba ni ka yi wa wayo ba, Malam. Ni ba a nan nake numfashi ba."

Maigida ya yi kwana tara yana aski yana faɗa. Duk wanda ya zauna a kujera sai ya ji cewa a kawo wuta tukuna kafin a kawo doka, kuma a fara da manyan motocin da ke turnuƙe titi. Har yau bai janye wannan maganar ba. Ya kira makaniki, aka canza mai, aka wanke kaburata, hayaƙin ya koma shuɗi maimakon baƙi. Makaniki ya goge hannu a wando ya ce, "Maigida, tsufa ne wannan, kuma tsufa ba ya jin fulogi."

Ranar Litinin da la'asar, uwar yara ta tafi kasuwa, manyan yaran ba su dawo ba. Auta ta ce ƙirjinta ya yi nauyi, ta shiga ɗaki ta kwanta. Maigida yana tsakiyar aske wani direba, an gama rabin kai, sai mai ya ƙare. Dattijo ya ce "tuf... tuf... tuf", ya yi shiru. A cikin shirun sai ga wata ƙara siririya, "fiii... fiii", kamar iska na fita ta ƙaramar kafa. Maigida ya fita ya durƙusa yana duba injin, a zatonsa shi ne bai gama mutuwa ba. Ashe daga sama ƙarar take fitowa, ta bayan kwalin tagar.

Ya ruga ɗakin, ya tarar da Auta a ƙasa kusa da ƙofa, leɓɓanta sun yi duhu, tana jan numfashi ba ya shiga. Direban nan ne ya kai su asibiti, da rabin kai a aske, da ƙyallen aski a wuyansa. Da aka cire mata abin numfashi ta iya magana, abin da ta fara faɗa shi ne, "Baba, na yi ta kiranka." Tsakaninta da shi bango ɗaya ne. Bai ji ba.

Likita ya tambaya me ke ƙonewa kusa da inda take kwana. Maigida ya fara lissafa murhu da maganin sauro, likitan yana kallonsa kawai, har ya gaji ya faɗi gaskiya.

Washegari da hantsi ya dawo gida, ya zare fulogin, ya tsiyaye ɗan ɗigon man da ya rage a gindin tanki, ya sa almakashinsa ya datse igiyar tayarwa. Saboda haka kada kowa ya ɗora wa gwamnati jinin marigayi. Takardarsu tana da sauran kwanaki. Hannun da ya ciyar da shi ne ya kashe shi.

Ya rasu ya bar jarka biyu, da mazurari, da sarƙa da kwadunanta, da injin aski uku da suka zama marayu, da baƙin tabo a bango wanda an wanke sau biyu bai fita ba. Ya kuma bar maigida da bakuna shida da shago babu wuta. An rubuta sunansa a jerin masu jiran sola daga hukuma. Ya koma ofishinsu sau uku cikin kwana uku, har mai gadi ya fara ce masa, "Baba, yanzu fa ka tafi."

Za a kwance sarƙar ranar Asabar da safe, a ɗauki gawar a baro zuwa wurin tara tsofaffin injuna da ke bayan tasha. Makaniki ne zai tura. Bayan an dawo za a cire kwalin, a buɗe tagar ɗakin yara, karo na farko cikin shekara bakwai. Auta ce za ta buɗe, in ƙarfinta ya kai. An sallamo ta, amma likita ya ce ƙirjin zai ɗauki lokaci, kuma bai yi alkawarin komai ba.

Za a karɓi gaisuwa a shago. Masu babur su kashe shi tun daga famfo, su turo. Wanda ke son ta'aziyyarsa ta yi amfani ya zo da gashi a kansa, akwai almakashi da reza. Direban da aka bari da rabin kai shi ne na farko a layi.

Wanda kuma ya ga maigida ya dakata a tsakiyar aski, almakashi a buɗe, ya karkata kunne wajen bango, ya yi haƙuri, kada ya yi magana. Sauraro yake yi.