Ranar da Batir Ya Raka Ni Gaisuwar Suruki

Ko zan manta da komai na samartakata, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida mahaifin Hajara ba. Har yau in na tuna, sai in ji hannuna ya kai bayan wandona da kansa.

Cikin shekarun tamanin ne, tun Funtua na jihar Kaduna. Ni ke tuƙa wa kawuna, Alhaji Garba, wata tsohuwar jif da yake shiga ƙauyuka da ita sayen auduga da hatsi. Mota ce mai zuciya, ƙafafunta huɗu duk suna ja, inda jaki ya bi to ita ma za ta bi. Batirinta a ƙarƙashin kujerar direba yake, cikin wani ɗan akwatin ƙarfe, sai an ɗaga katifar kujerar ake ganinsa.

A wajen sayen auduga na ga Hajara, a wani ƙauye can bayan Ƙarfi. Magana ta yi nisa, manya sun shiga, sai mahaifinta, Malam Dahiru, ya aiko cewa shi ba ya ba da ɗiyarsa ga mutumin da bai gani da idonsa ba. Wannan dattijo kuwa sunansa ya riga shi isowa Funtua. Babban manomi ne, ba shi da yawan magana, an ce in rikicin gona ya gagari kowa wurinsa ake kai shi, ya saurara, ya faɗi kalma ɗaya, kowa ya kama gabansa. Tun da aka sa ranar zuwa na daina cin abinci in ƙoshi.

Ana cikin haka batirin motar ya fara ciwon ajali. Kawu ya ce shi ba za a tura shi a gaban surukai ba, in je wurin Emeka in zaɓo sabo. Emeka mai sayar da kayan gyaran mota ne, haifaffen Funtua, Hausarsa ta fi tawa karin magana. Ina shiga shago ya ɗora batura biyu a kan teburi. Ɗaya irin wanda na sani ne, da jerin marafensa a ka, wanda ake kwancewa a duba ruwa. Ɗayan kuwa sumul yake kamar ƙwai, ba marfi ko guda.

"Direba, ga sabon shigowa," in ji Emeka. "Rufaffe ne. Wannan ba ya shan ruwa."

"Ba ya shan ruwa kamar yaya? To me yake sha?"

"Ba ya shan komai. Daga ranar da ka ɗaura shi har ranar da zai mutu, ba ruwanka da shi. Leƙa nan ka gani."

Ya nuna mini wani ɗan gilashi a samansa, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Na sunkuya na leƙa. Can ciki sai na hango wani koren abu yana ƙyalli, kamar idon kyanwa a ƙasan rijiya. Emeka ya ce muddin idon kore ne, batir na da lafiya, in ya yi duhu to yana neman caji. Wato abu ne da ke faɗa maka halin da yake ciki ba tare da ya buɗe baki ba! Sannan ya karkata shi gefe guda, ko ɗigo bai fito ba. Masu wucewa suka taru, kowa ya leƙa sai ya ja da baya yana cewa ikon Allah. Na daɗe tsaye ina kallonsa kamar na ga jirgin sama ya sauka a kasuwar hatsi.

Duk da haka na ce a'a. Na ce in wannan ya mace mini a tsakiyar daji, wa zai buɗe shi? Na gargajiya kuwa ko a ƙauye aka samu mai gyaran rediyo zai iya lallaɓa shi.

"Gaskiyarka," in ji Emeka, "in ya mutu ya mutu, ba a yi masa magani. Amma hanyoyin da kuke bi, motar nan tsalle take kamar akuya. Mai marfi yakan yi amai."

"Nawa ba ya amai," na ce.

(Hujjar da na bayar ba laifi, amma ba ita ce a zuciyata ba. Kullum da safe nakan ɗaga kujera a ƙofar gidan Kawu, in kwance marafen nan ɗaya bayan ɗaya, in leƙa, in tsuke fuska, in ɗiga ruwa daga kwalba, maƙwabta na kallo kamar likita na duba majinyaci. Batirin da ba ya shan ruwa zai raba ni da wannan matsayi. To me zan riƙa yi da safe?)

Ranar tafiya na cika sabon batirina da ruwa har wuya, don kada ya ji ƙishi a hanya. Na sa sabon ɗinki, guntuwar riga da wando na farin yadin auduga irin na samarin lokacin, na cika aljihu da goro. Muka bi kwaltar hanyar Malumfashi, muka wuce Ƙarfi, muka saki titi muka shiga hanyar ƙauye. Ƙarshen damina ne. Dawa ta yi tsayi har ta fi motar, ta rufe mu hagu da dama, zangarniya na kaɗawa a samanmu. In muka fito fili sai gonakin auduga su buɗe har iyakar gani. Kawu sai tasbihi yake yi, ni kuwa ina maimaita gaisuwar da zan yi.

Da hantsi muka iso wani kwari da ruwa ya zaizaye. Na shiga da ƙarfin hali. Motar ta yi sama, ta dawo ƙasa, na ji wani abu ya buga a ƙarƙashina, injin ya mutu. Na murza makulli, shiru. Da na ɗaga katifar kujera, sai na ga ƙarfen da ke riƙe batir ya karye, batirin ya kwanta a gefe, waya ɗaya ta fice, marfi ɗaya ya yi nasa wuri, ko'ina ya jiƙe har cikin katifar. Na rungumo shi na ɗora a cinya, na mayar da marfin, na zaunar da shi daidai, na ɗaure shi da igiya, na ɗaure waya. Hannuwana kuwa na goge su tas a bayan wando, inda na ga ba wanda zai lura.

"Wannan ruwan fa?" in ji Kawu.

"Ruwa ne kawai, Kawu. Ni na zuba shi da hannuna da safe."

(Ban san yadda aka yi na manta cewa ruwan da na zuba ya tarar da wani ruwan a ciki ba. Duk yaron gareji ya san ruwan batir na cin kaya. Ni ma na sani. Amma ranar nan kaina cike yake da Malam Dahiru, ba sauran wurin da sani zai zauna.)

Cikin sauri na mayar da katifar a kife, jiƙaƙƙen gefen a sama, na zauna a kai. Mota ta tashi, muka ci gaba.

Muka tarar Malam yana gona, aka ce mu jira a inuwar wata bishiya. Na ƙi zama don kada kayana su yamutse, na tsaya a rana har suka bushe ƙayau. Na fara jin ƙaiƙayi a cinya da mazaunai, na ce a raina fargaba ce.

Gab da azahar aka ce mu shigo. Zauren babba ne, mai sanyi, dattawan gari zaune a kan tabarmi sun jeru jikin bango. A tsakiya, kan buzu, ga Malam Dahiru: dogo, baƙi, farin gemu, cikin babbar riga mai ruwan bula. Bai yi kama da mai faɗa ba. Kwarjini ne kawai, irin wanda ke sa ka ji muryarka ta yi maka yawa. Kawu ya gaisa ya zauna. Na tako gaban Malam, na durƙusa.

Ba irin ƙarar yagewar ɗinki na ji ba. Wani ɗan sauti ne mai laushi, kamar an taka busasshen ganye. Sai na ji iska a inda iska ba ta da hurumin shiga. Bayan wandon gaba ɗaya ya rabu da ni ya kwanta a ƙasa. Gwiwoyina biyu suka leƙo ta gaba. Na kai hannu in ja rigar ƙasa in rufa, bakin rigar ya biyo hannuna kamar tuwon da bai nuna ba. Aljihu ya ɓalle, goro ya watse, yana gangarawa har gaban dattawa. Abin da ya rage tsakanina da jama'ar ƙauyen nan shi ne ɗan kamfai, shi ma ja wur (ban san abin da ya kai ni sayen ja ba).

Ta gefen ido na hango kafaɗun Kawu na rawa, ya cusa fuska cikin hannun riga. Na roƙi ƙasa ta tsage. Na ce a raina shi ke nan, Hajara ta tafi, kuma har jikokina sai an ba su labari.

Malam Dahiru bai kalli ƙasa ba. Idonsa na cikin nawa, ya ce, "Sannu da zuwa, ɗana. Ina gajiya?"

"Ba gajiya," na ce, da wata murya da ban san ta ba.

"Ina hanya? Yaya mutanen Funtua? Yaya mahaifiyarka?"

Yana jero gaisuwar nan a natse, hannuwansa kuma suna tattara babbar rigarsa. Ya cire ta ta ka, ya miƙe, ya tako da kansa, ya zura mini ita tun daga wuya har ƙasa. Sannan ya juya ga Kawu.

"Alhaji, ka yi haƙuri da mu. Al'adar gidan nan ce, baƙon da ya zo daga nesa ba ya zama sai an tufatar da shi."

"Haka ne," in ji wani tsoho daga jikin bango.

"Tun kakanni," in ji na kusa da shi.

Duk suka gyaɗa kai. Ba wanda ya murmusa. Wani ya tsince goron ya rarraba, aka sa albarka kamar a faranti na miƙa shi. Malam ya ce tafiya ta yi nisa, a kai ni bayan gida in watsa ruwa kafin salla. Na fita ina jan riga a ƙasa, tana ƙanshin hayaƙi da turare, ragowar wandona na zubewa a cikinta. A bayan gidan na wanke fatar da ta fara yin ja, na tsaya ina kallon rigar Malam. Kunya ce ta kama ni, amma ba ita kaɗai ba. Ban taɓa ganin mutum ya yi abu mai girma haka cikin sauƙi haka ba.

Bayan salla ya yi mini tambayoyi kaɗan game da sana'ata da iyayena, ya shaida wa Kawu cewa ya ba ni Hajara. Da za mu tafi na rasa yadda zan yi da rigar, Malam ya ce ai ba a mayar da ita. Kawu bai saki dariyarsa ba sai da muka wuce Ƙarfi, amma da ya sake ta sai da na tsayar da mota.

Washegari na koma wurin Emeka na ce ya ba ni rufaffen. Ya dube ni, ya ce, "Ya yi amai ke nan?" Na ce ya ba ni kawai.

Bayan biki da 'yan watanni na tambayi Hajara labarin al'adar gidansu ta tufatar da baƙo. Ta ce wace al'ada? Na ba ta labari, ta riƙe baki, ta yi dariya har da hawaye, ta rantse ba ta taɓa ji ba. Zaure cike da mutane, a ƙauyen da in akuya ta haihu kowa sai ya sani kafin magariba, amma maganar ba ta ƙetare bakin ƙofa ba. Har Malam ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da ita ba, ko da wasa.

Abin da na koya shi ne, asirin da dattawan ƙauye guda suka taru suka rufa wa mutum, ba mai tona shi sai mai shi. Ga shi kuwa yau, ba wanda ya tambaye ni, na zauna na zayyana muku har da launin kamfai.