Ƙosan Armando

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka rufe zaurenmu na Gorton, unguwarmu a ƙasar Turawa, ba, ko da yake na yi ƙoƙari. A da, duk Laraba council, wato hukumar gari, na ba mu ɗaki mai ɗumi da shayi da abincin rana, mu tsofaffin unguwa. Yanzu in ka bi ta wurin, katako ne a tagogi, ciyawa a bakin ƙofa. Tsuke bakin aljihun gwamnati ne ya cinye shi.

Ni mutumin Jos ne, a ɗakin injin jiragen ruwa na tsufa. Ina jin Faransancin Abidjan, da Larabcin Port Sudan, da Fotugis ɗin da na tsinta a Luanda. (Matata, Allah ya jiƙanta, takan ce duk harsunan nan babu wanda na iya yin shiru a cikinsa.)

A zauren akwai Dona Celeste, 'yar Bahia ta ƙasar Brazil. Mijinta Armando ya rasu, council kuma suka ce flat ɗin ya yi mata yawa, sai ta shirya komawa Birmingham wurin 'yarta. Ni kuwa na ƙudura a ranar ƙarshe ta zauren zan nemi izinin riƙa ziyartarta, kuma ba don gaisuwa kawai ba. Abokina Bitrus ya sani, wato kowa ya sani.

Na makara a ranar, wajen gugar kaftani. Na tarar Celeste tana kicin tana soya wani abu da manja, wai acarajé. Ina leƙawa na ga ƙosai ne, sai dai su suna tsaga shi su cusa jatan lande da barkono. Nan fa malantata ta motsa.

Na miƙe tsaye. Na ce, "Jama'a, ni na taka Salvador, babban birnin Bahia, da ƙafata." (Gaskiya ne, amma yawancin zaman a cikin jirgi na yi shi.) Na ba su labarin girman Brazil, daga dajin Amazon mai ruwa kullum zuwa kudu inda ake sa rigar sanyi. Na ce gaɓar Bahia tana kallon tamu, ta nan aka kwashi mutanenmu, Yarbawa da Hausawa, zuwa gonakin rake. Ba su tafi da komai ba sai abin da ke kansu: ganga, addu'a, da yadda ake markaɗa wake. Ina magana ina satar kallon ƙofar kicin ko tana ji.

A kan taga akwai wani farin faranti da 'yan ƙananan ƙosai guda uku, kusa da kofin ruwa. Na ɗauki ɗaya na ɗaga sama. "Wannan, ko a kasuwar Terminus ta Jos sai haka!" Na jefa a baki. Na bi da na biyu. Ina tauna na uku na lura ko cokali ba ya motsi a ɗakin.

Celeste na tsaye da matsami a hannu. Da Fotugis ta yi magana, a hankali, don ta rufa mini asiri. "Senhor, na farkon da suka fito daga mai ba na masu rai ba ne. A gidanmu ajiye su ake yi. Na yau na Armando ne, nan kujerarsa take."

Ashe ta riga ta gaya wa kowa tun da safe, ina can ina guga.

Bitrus bai iya riƙe bakinsa ba. "Kai, dattijo! Ko gaisuwa ba a kai ba, har ka fara cin gadon mutum?"

"Bitrus, leave him don Allah," in ji Maman Rahila, matarsa. "Ba ka ga zufa har kunnensa ba?"

Ƙosai yana bakina, tofarwa ba dama, haɗiyewa ba daɗi. Na haɗiye. Na ce ko za a soya wasu a mayar? Ta girgiza kai. "Na farko sau ɗaya ake yinsa." Ta ɗauki farantin ta goge da gefen zanenta, hawaye na zuba. Ni kuwa maganar da na goge kaftani dominta ban yi ba.

Bayan watanni na hau bas zuwa Birmingham neman gafara. Ta karɓe ni hannu biyu, har ta jiƙa wake. Da na farkon suka fito, sai ta taka kujera ta ɗora su can saman firij, ta sauko ta kalle ni, muka yi 'yar dariya. Daga nan hirar sanyi muka yi da wahalar ganin GP, wato likitan unguwa. Hoton Armando yana kan tebur, da kofin ruwa sabon zubi a gabansa. Na gane kujerar Armando ba ta taɓa zama babu kowa ba, ni ne ban duba ba.

Ban sake komawa ba. Zauren bai sake buɗewa ba, su Bitrus ma sun bi 'ya'yansu wani gari. Abin da ya rage mini shi ne, ba na ƙara miƙa hannu ga faranti sai na tambaya na wane ne, har a kicin ɗina, inda babu mai amsawa.