Rakiyar Kawu Har Lyon

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na raka Kawu tashar jirgin ƙasa ba, ko da na so in manta.

Lokacin ina ɗalibi a Paris. Kawu, yayan mahaifiyata, ya zo daga Damagaram ganin likita, da ya gama sai ya ce zai leƙa Lyon ya ga 'yarsa da ta haihu. Aka zauna shawara a gidan wani abokina a Bobigny, a gefen Paris. 'Yar tasa ta bugo waya ta ce a sa shi a jirgin sama. Abokina ya ce ga motarsa, in kai dattijo da kaina. Ni kuwa na gyara zama na shiga wa'azi: filin jirgi jira ne da bincike, mota wahala ce ga mai ciwon baya, jirgin ƙasa kuwa awa biyu cak, ba tsayawa a hanya. (Abin da ban faɗa ba shi ne washegari da hantsi ina da ganawar ɗaukar aiki, wadda na yi wata shida ina nema. So nake in rabu da Kawu da wuri.)

Da safe na ci kwat da nektai saboda ganawar, na shigar da shi jirgi, na ɗora jakarsa, na rusuna zan yi sallama. Sai ya kama hannuna ya soma addu'a. Ya yi wa mahaifiyata, ya yi wa marigayi mahaifina, ya gangaro kan karatuna, har da matar da ban ma samu ba. Ina jin ƙarar rufe ƙofa, ina ta jero amin da sauri ko zai gane. Amma wa zai fizge hannunsa daga na kawunsa ana tsakiyar addu'a? Kafin mu shafa, gidajen Paris sun fara gudu ta taga.

"Kawu, jirgi ya tashi da ni!"

"To, ka gaya wa direba ya tsaya ka sauka mana."

Mai duba tikiti ya zo, na yi masa bayani da Faransancina mafi kyau cewa addu'a ce ta riƙe ni. Ya dube ni daga sama har ƙasa. Na kira waɗanda za su ɗauke ni aikin a waya, wata mata ta ce cikin ladabi akwai wasu masu nema a layi.

Duk wannan bai kai abin da ya same ni a Lyon ba. Muna sauka, Kawu ya dafa kafaɗata a gaban 'yarsa da mijinta, ya ce musu:

"Kun ga yaron nan? Ya ajiye duk abin da ke gabansa, ya ƙi barina in taho ni kaɗai. Har ado ya yi don rakiyata."

Kunya ta rufe ni. Mutumin da na kwana ina dabarar sallama shi ne yake share hawaye saboda kirkina. Ban iya gyara masa zance ba, kuma har ya bar duniya ban gyara ba.

Aikin dai ya tafi, na daɗe da daina jin zafinsa. Yabon ne ya ƙi sakina. Labari ya isa gida, yanzu duk dattijon danginmu da zai zo Faransa ni ake haɗa shi da shi. Kuma ina kai kowa har ƙofar da za shi, ba musu. Na gane in aka yabe ka da halin da ba ka da shi, ba ka da mafita sai ka koye shi.