Wanda Ba Shi Ji a Gidanmu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai ɗiyata Hafsatu gwajin kunne ba, ko da kuwa na so in manta.

Shekararta takwas, kuma duk unguwarmu a Kebbe an san ta da abu ɗaya: "Mi kac ce, Baba?" Ka aike ta tsamiya, ta dawo maka da tsintsiya. Ni kuwa malamin firamare ne (har da bulala ta musamman), sai na yanke hukunci: kunnen ƙashi ne. Na dake ta ba sau ɗaya ba, har na rantse ƙarshen zango zan cire ta daga makaranta. Uwarta ce ta nace, muka hau babur zuwa Tambuwal, daga can aka tura mu Sakkwato.

Likitar ta tambaye ni, "Malam, tana ji?"

"Ba ta ji ko kaɗan," na ce, na soma jero mata laifuffuka tun daga na azumin bara.

Ta ce ba wannan jin take nufi ba. Aka sa wa yarinya abin saurare a kunne, duk ƙarar da aka saki ta ɗaga hannu. Kunne lafiya lau. Sai na gyara babbar riga, na dubi uwarta. "To, kin gani? Iya shege ne."

Likita ba ta kula ni ba. Ta sake gwaji, wannan karon kalmomi cikin hayaniya, nan take Hafsatu ta rikice. Ta ce sauti yana shiga, amma rarrabe kalmomin ne ke yi mata wuya idan akwai surutu. (Injin niƙa yana jikin katangarmu, daga ɗaki kuma nake ƙwala mata aike.) Daga nan ta lissafa abubuwan da za mu riƙa yi. Ni ina can ina shirya yadda zan kare kaina.

"Malam, maimaita min abin da na faɗa."

Wallahi bakina ne ya ci amanata. "Mi kic ce?"

Sai ga muryar Hafsatu, a hankali: "Ta ce ka kira sunana tukuna, ka dube ni, ka faɗi abu guda guda. Kuma a maishe ni bencin gaba."

Uwarta ta rufe fuska da gyale, tana ƙunshe dariya. Na ji kunya, amma ba ita ta fi ci mini rai ba. A bakin ƙofa yarinyar ta ja hannuna ta ce, "Baba, ashe ba da gangan nika yi ba?"

Bulalar ta shiga murhu, Hafsatu tana bencin gaba. Lallai akwai wanda ba shi ji a gidanmu, sai dai ba shi aka sa wa abin saurare ba.