Fayil Ɗin da Na Ɓoye wa Mai Duba

Har na mutu ba zan manta da ranar da na tsaya gaban dattawa ina alfahari da koren allo ba.

Lokacin ina aiki a wani ɗan kamfani a Gusau. Mun haɗa manhajar da ke tura saƙon waya ga mutanen ƙauyukan Tsafe da Bungudu idan an hango 'yan bindiga, don kowa ya san hanyar da zai kauce wa. Muna da wata manhajar daban da muke kira mai duba. Ita ke karanta abin da muka rubuta ta nuna kurakurai. Ja matsala ce, kore lafiya. Ni aka ba aikin faɗa mata fayilolin da za ta duba. Na ainihin aiki ta bi su layi-layi, na gwaji kuwa ta tsallake.

Komai ya yi kore sai fayil guda, wanda ke tura saƙon. Kullum ja. Ko karanta ƙorafin ban yi ba (ni da nake ganin duk Gusau babu gwani kamar ni). Sai na lissafa shi cikin na gwaji, har da rubuta bayani a gefe: "Wannan ba shi da muhimmanci." Nan take allo ya koma kore, Oga ya yaba mini, na kwashi yabon ko kunya babu.

Bayan manhajar ta fara aiki, muka gayyaci wakilan ƙauyukan taro. Na sa sabuwar shadda, na haska allon a bango, na ce, "Iyayena, kun ga koren nan? Babu kuskure ko ɗaya."

Wani dattijo makiyayi daga wajen Tsafe, Malam Ɗanjuma, ya miƙe a hankali, wayarsa a hannu.

"Yaro, ni ban san kore ba. Ran da anka tare hanyar kasuwa, wayag ga ba ta yi kuka ba. Shanuna sun tahi. Ɗana da ke kora su, har yau muna jiran labari nai."

Na ce wataƙila matsalar sabis ce. Wallahi haka na ce wa mutumin da aka ɗauke wa ɗa.

Hajara, abokiyar aikina, ta jawo kwamfutar don ta bincika, ta manta tana haɗe da majigi. Jerin fayilolin da ake tsallakewa ya fito a bango, ga bayanina ƙato, ga sunana a gefensa. Ta cire fayil ɗin daga jerin, ta sake kunna mai duba. Ja ya fito, da ƙorafin da na ƙi karantawa: idan saƙo ya kasa fita, manhajar ba ta sake gwadawa, ba ta kuma faɗa wa kowa. Ta dai rubuta "an aika".

Malam Ɗanjuma ya ce, "Mi anka rubuta can gehe?"

Oga bai ɗago kai ba. Ya ce ni zan karanta masa. Na karanta, da bakina, gumi na bin sabuwar shaddar.

Dattijon bai zage ni ba. Da ya zaga, da na fi samun sauƙi. Ya sa wayar a aljihu ya zauna.

Ban san ko saƙon zai ceci ɗansa ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Abin da na koya dai shi ne, yanzu in na ga allo ya yi kore tas, ba na murna. Sai na fara neman abin da wani gwani irina ya hana a duba.