Bushiya a Aljihun Shugaban Aji

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na tsaya gaban 'yan firamare a Aliero zan yi musu jawabi a kan tausayin dabbobi. Ni manomin albasa ne, kuma sai da furfura ta fara leƙo mini na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ba mu da ɗakin karatu namu. Idan yara sun tashi, bayan la'asar sai mu manya mu shiga ajinsu, mu cusa gwiwoyi ƙarƙashin ƙananan tebura (wanda bai ga mahauci mai tumbi a kan bencin ɗan aji huɗu ba, bai san haƙurin benci ba). Ni aka naɗa shugaban aji, ba don na fi kowa karatu ba, sai don ba ni da saurin fushi.

To mu manya ba ma zuwa karatu hannu rabbana. Wani da rake, wani da gyaɗa, wani da ruwan leda. In mun tashi mu bar ɓawo a ƙasa, ledar mu tura ta cikin tebur. A ganinmu shara aikin yara ne, haka muka taso muka tarar. Ashe yaran sun kafa ƙungiyar tsabtar muhalli, kuma ɗiyata Hafsatu ce mai magana da yawunsu. Suka kai ƙararmu wurin hedimasta. Ya kira ni ya ce ya gaji, in ba mu gyara ba zai sa wa ajin kwaɗo, mu koma gindin dogon yaro. Amma akwai taron ƙungiyar, in zo in ba yaran haƙuri da bakina, abin da suka yanke shi zai bi.

Na san abin da gindin itace yake nufi. Damina na tafe, ruwan farko zai watsa mu, kuma dattijo in ya watse daga karatu ba ya dawowa. Ni kuwa a lokacin na fara haɗa baƙi, har ina karanta sunan magani a jikin kwalba ba tare da na kira kowa ba. Ban so abin ya tsaya a nan. Na zauna na rubuta jawabina da hannuna, malaminmu ya gyara inda na karkace. Da na ji Hafsatu tana yawan zancen namun daji, sai na ƙara da cewa mu manya muna tausayin kowace halitta. Na ga wannan zai sanyaya musu rai.

Ranar taron na sa babbar rigata ta Juma'a, na ninke takardar na jefa a aljihun gaba. A hanya na ce bari in leƙa rudun da na ajiye albasa. Ina ɗaga zanar da na rufe albasar da ita sai ga bushiya ta dunƙule a inuwa. Inna, mahaifiyata, ta daɗe tana damuna in samo mata bushiya, wai hayaƙin ƙayarta yana maganin ciwon gwiwa. Manomi kuma ba ya ƙetare abin da Allah ya ajiye masa a hanya. Na tsinci baƙar leda a wurin (samunta bai yi wuya ba, tawa ce ta jiya), na naɗe ta, na jefa a aljihu, na hau babur ina maimaita jawabi a zuci. Kafin in kai makaranta na manta da ita sarai. Ita ma ba ta motsa ba.

Aka zaunar da ni a teburin gaba kusa da hedimasta, 'yan ajinmu suna baya. Yara suka fara magana ɗaya bayan ɗaya. Wata ɗiyar mahauci ta ce babanta in ya yanka saniya a kasuwar Jega yakan ciro dunƙulen leda daga tumbinta. Wani yaro ya ce kakansa yana ba shi labarin ungulaye a mahauta, shi kuwa bai taɓa ganin ko guda ba. Wata ta ce masu cinna wa daji wuta don kama ɓera ɗaya su ne ke ƙone gidan zomo da ƙwan fakara. Hafsatu ta ce su yara kullum ana ce musu su yi shara, amma ba a taɓa ce wa manya su daina zubarwa ba. Ina ta gyaɗa kai kamar ban san mutanen da ake nufi ba.

Aka kira shugaban manya. Na miƙe, na gyara riga, na yi sallama. Na ce, “'Ya'yana, mu iyayenku ba mu cutar ko tururuwa. Bari in karanta muku abin da na rubuta da hannuna.” Na zura hannu a aljihu da ƙarfin hali.

Ban san sautin da ya fito daga bakina ba, amma an ce har a ajin ƙarshe an ji. Na fizgo hannu, ledar ta biyo shi, ta faɗi a kan tebur. Bakinta ya buɗe, bushiya ta mirgino har gaban hedimasta. Ta tsaya, ta fito da ɗan hancinta, ta shinshina alli. Iska ta ɗauki ledar ta liƙa ta a jikin tagar ofis. Takardar jawabi kuwa ta fito a jiƙe, don baiwar Allah ta yi fitsarinta a kai.

Kowa ya zuba mini ido. Da dariya suka yi da na fi samun sauƙi. Na yi ta maza na ce ai na kawo ta ne don yara su gani su yi darasi. Sai wani ɗan ƙarami a layin gaba ya ɗaga hannu cikin ladabi.

“Baba, to don mi ka ƙulle ta cikin leda?”

Hafsatu ta sunkuyar da kai, ta amsa a madadina: “Ta maganin Inna ce.” Daga baya can na ji Mamman mahauci, abokin zamana a benci, yana cewa, “Shugaba, ka kashe mu.” A nan dariyar ta ɓarke, har hedimasta ya rufe fuska da hula.

Da aka lafa na ajiye takardar, tunda ba ta karantuwa. Na ce musu gaskiyar ɗiyata, don magani na kama ta, ledar da ke jikin taga ma tawa ce, haka ɓawon gyaɗar da ke cikin tebur na kusa da ƙofa. Na ce abu ɗaya nake roƙo, kada su kore mu, don ban gama koyon karatu ba.

Yaran suka koma gefe suka yi shawara, mu manya muna tsaye kamar masu jiran alƙali. Hafsatu ce ta kawo hukunci, ba ta ko kalle ni ba. Za mu ci gaba da zama a ajin, amma kafin mu tashi kullum sai mun share shi, kuma tsintsiya a hannun shugaba. Bushiya kuwa a mayar da ita inda aka ɗauko ta, da ranta. Haka na ɗauke ta cikin kwali, yara suna biye da ni har bakin rudu, don sun ce ba su yarda in tafi ni kaɗai ba.

Inna ta yi fushi, ta ce yanzu jika ke hana kaka magani. Na kai ta asibiti aka ba ta na shafawa, ni na karanta mata yadda ake amfani da shi. Ajinmu bai watse ba. Suna dai ya bi ni, har a kasuwar albasa Baba Mai Bushiya ake kirana, ina kuma amsawa. Abin da na koya bai da yawa: in za ka yi wa yara wa'azi, ka fara zazzage aljihunka tun a gida.