Yadda Za Ka Kai Surukarka Kamun Kifi a Duwatsun Ingila

Ɗan'uwa, idan kana zaune a Birmingham, surukarka ta zo daga gida, kuma akwai wata tsohuwar ƙarya tsakaninku da ta shafi ruwa, to gyara zama. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ba ka yi mini gyara ba, za ka samu ƙoramar da ta dace da iyali, za ka riƙe kifi mai rai da hannunka, surukarka kuma za ta yarda da kai yardar da ba ta taɓa yi wa wani suruki ba. Ban taɓa ba mutum wannan shawara ta tashi a banza ba.

Mataki na 1: Ka tuna abin da bakinka ya faɗa

Ranar da ka je gaishe da iyayen Saudatu kana neman aurenta, ka ji an ce mahaifiyarta Hajiya Kulu 'yar Yawuri ce, a bakin kogin Kwara ta tashi. Kafin hankalinka ya iso, bakinka ya ce ai ku ma gidan masunta ne. Hajiya, wadda tun shigowarka takalminka take kallo, ta ɗago ta dube ka. A kan wannan magana ta daina cewa a dakata a yi bincike. Alhali a Fagge aka haife ka, kakanka tela ne, kuma ruwa mafi zurfi da ka taɓa shiga shi ne na bokiti.

Yanzu ga ta a ɗakin 'yarka Murja a unguwarku ta Ladywood. An yi mata aikin ido a asibitin Edgbaston, don haka kada ka dogara da cewa ba ta gani sosai, tana gani fiye da kai. Ba ta yi maka magana kai tsaye, kunyar surukuta ta hana. Kana zaune a gabanta za ta ture farantin miya ta juya wajen 'yarta.

"Saudatu, ki tambaye shi, garin nan ba ruwa ne? Ɗan masunta guda yana ciyar da iyalinsa da kifin ƙanƙara wanda ya mutu tun bara?"

Saudatu ta san kakanka, har keken ɗinkinsa ta gani. Amma za ta yi murmushi ta ce, "Dama half-term ce, makarantu na hutu, council ta rufe centre ɗin wasan yara, Murja sai tsalle take a kan kujeru. Ka kai mu mana, Baban Murja." A nan ne raggon namiji ke faɗin gaskiya. Kai ka gyara murya ka ce Asabar.

Mataki na 2: Zaɓen ƙorama

Kifin da za ka nema sunansa trout, mai ɗigo-ɗigo a jiki, ba ya zama sai a ruwan dutse mai sanyi da gudu. Akwai irin waɗannan ƙoramu a duwatsun Derbyshire, tsakanin Birmingham da Manchester. Turawa suna zaɓen wuri ne saboda yawan kifi. Wannan kuskure ne, kai ba kifi ya kamata ya fara damunka ba.

Ka nemi inda mota za ta tsaya kusa da ruwa, domin Hajiya ba za ta tsallake katangar dutse da gwiwar nan tata ba. Ka nemi fili shimfiɗaɗɗe da zai ɗauki tabarma da sallaya. Ka tabbata akwai banɗaki mai ƙofa. Ka guji inda tumaki suka yi yawa, in ba haka ba Hajiya za ta wuni tana tambayar na wane ne, me ya sa ba makiyayi, kuma shin mai su ya san Babbar Sallah ta kusa.

Mafi muhimmanci, ka zaɓi kwarin da waya ba ta kamawa. Inda ba wanda zai iya duba yadda ake riƙe sandar fatsa, duk yadda ka riƙe ta daidai ne.

Mataki na 3: Kada ka gaya wa kowa

Trout yana son shiru, saboda haka tafiyar sirri ce. Mutum ɗaya kawai za ka gaya wa, abokinka Jalilu na unguwar Cheetham Hill a Manchester, mutumin Kumasi mai jigilar kaya, don ya ara maka kujerun naɗewa. Ka roƙe shi ya bar maganar a cikinsa.

Zai ce, "Haba massa, ni da kai? Ko matata ba za ta ji ba."

Ranar Asabar za ka tarar da shi a bakin ƙorama da babbar motarsa, da matarsa, da ƙannen matarsa, da wasu motoci biyu na mutanen da suka ji a masallaci. Kada ka ji haushi. Bana ba wanda ya je ko'ina hutu, rabin mutanen nan an rage musu kwanakin aiki, sauran suna jiran a kira su ofis. An ce musu akwai ɗan masunta da zai ciyar da jama'a da ɗanyen kifi, to me kake so su yi? Sun zo da shinkafa, da yaji, da albasa, da murhun gas, da kaskon suya mai faɗin tayar mota. Nama ne kawai ba wanda ya kawo, don kada a raina maka sana'ar gidanku.

Mataki na 4: Kayan aiki

Ka yanki lasin kamun kifi tun kafin ranar, ka kuma samu izinin masu ƙoramar, domin a ƙasar nan ruwan da ke gangarowa daga dutse ma da mai shi. Sandar fatsa ka saye ta a kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi. A bakin ƙugiyar ba tana ake sawa ba, wani ƙudan ƙarya ne da aka ɗaure da gashin tsuntsu. Idan Hajiya ta sa aka miƙo mata ta jujjuya shi ta ce, "Ki tambaye shi, kifin nan wawa ne?" ka ce kifin Turai ba ya cin abin da ya fito daga ƙasa.

Sai wandon roba, wanda yake haɗe da takalmi ya hau har ƙirji. Ka sayi wanda ya fi ka girma sosai. Masu cewa a sayi daidai jiki ba su san amfanin fili ba. Ka cusa kaftaninka a ciki, ka bar hularka a kai, domin ko a ruwa kai magidanci ne.

Mataki na 5: Gaisuwa

A bakin ruwa za ka ga wani tsohon Bature a tsaye har gwiwa, ko motsi ba ya yi. Shi ne Tomas, mai kula da ƙoramar. Tun da hantsi yake lallaɓa kifi guda. Zai ɗora yatsa a leɓe ya ce a yi magana a hankali.

Ka fassara wa jama'a. Kowa zai ce to. Sannan matan Manchester za su hango matan Birmingham.

Ba abin da za ka iya yi a nan, kuma bai kamata ka yi ba. Mutanen da suka shekara ba su haɗu ba ba za su gaisa da ido saboda kifi ba. Za a tambayi gida, a tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, a tambayi sanyi, a yi wa Hajiya ya jiki daga wancan ƙetaren ruwa, ita kuma ta amsa daga nan. Kafin a kai kan gajiyar hanya, duk wani trout mai hankali ya koma can saman dutse. Tomas zai naɗe zarensa ya zauna a kan kututture yana kallon sama. Ka sa Murja ta kai masa shayi mai citta.

Masana irina sun san wannan alheri ne. Kifin da ya gudu ba laifinka ba ne.

Mataki na 6: Jifa

Ka shiga ruwa da bismillah. Sanyin zai ratsa robar ya kama maka ƙashi, amma kada ka yi ƙara, ana kallonka. Ka ɗaga sandar, ka kaɗa ta baya, ka kaɗa ta gaba kamar mai korar awaki daga shanya. Jifar farko za ta kama reshe. Ta biyu za ta ɗauke hular Jalilu. Ka ce kana gwada iska ne.

Daga nan lokaci zai fara ja. Za a yi azahar, a dawo a zauna. Yara za su daina wasa su fara zagaya tukunyar shinkafa. Matar Jalilu za ta kunna murhu ta zuba mai a kasko, wai don kada a ɓata lokaci in kifi ya zo. Ƙamshin albasa zai biyo iska ya same ka a tsakiyar ruwa. In ka saci kallon Hajiya, za ka ga ta daina duban ruwan, ta koma kallon ƙafafunka irin kallon ranar farko.

A nan tsoro na gaske zai kama ka, kuma ba zan ɓoye maka ba, yana da ciwo. Ba yunwar mutane ba ce damuwar. Matar nan ta ba ka 'yarta ne a kan magana guda, ta shekara goma sha wani abu tana faɗa wa dangi surukinta ɗan ruwa ne, ga shi yau a gaban baƙi za ta gane tela aka kawo mata.

Ka ƙara taku ɗaya zuwa inda ya fi zurfi. Akwai dutse mai santsi a wurin, kullum akwai.

Mataki na 7: Idan ka tashi

Za ka zauna daɓas cikin ƙorama, ruwa ya cika wandon roba har wuya, mata su sa salati. Jalilu da Tomas za su kamo ka ta hammata su ja ka gaɓa kamar buhun gero. Kana tsaye kana rawar ɗari, sai ka ji wani abu yana motsi a wajen cibiyarka. Kada ka yi ihu. Ka zura hannu cikin wandon ka fito da shi a hankali.

Trout ne, tsawon tafin hannunka da ɗan ƙari, yana sheƙi, yana buɗe baki.

Jalilu zai yi kabbara. Matarsa za ta ƙara wuta. Tomas kuwa zai matso ya ce maka cikin ladabi, a wannan ƙorama duk abin da aka kama mayar da shi ake yi. Kafin ka gama fahimtar cewa akwai mutanen da ke wuni cikin sanyi don su kama abinci su sake shi, Murja ta riƙe maka hannu, idonta ya cika.

"Daddy, he's looking at me. Don Allah put him back."

Ga mai yana tafasa, ga mutum ashirin da farantai, ga surukarka ta miƙe tsaye ba tare da an kama ta ba. Ka durƙusa a bakin ruwa. Ka kawo kifin kusa da bakinka ka faɗa masa abin da ke ranka a hankali, wato Allah ya isa tsakaninku. Sannan ka buɗe hannu. Zai tsaya kaɗan a gefen yatsunka kafin ya wuce.

Mataki na 8: Ka karɓi sakamakonka

Wurin zai yi tsit, irin shirun da Tomas ya roƙa tun safe. Kai dai kanka na ƙasa, kana jiran hukunci.

Hajiya za ta gyara mayafi ta ce, "Saudatu, na ga masu taru, na ga masu mashi, na ga masu nutso. Amma tun ina yarinya rabona da ganin wanda kifi ke zuwa wajensa da kansa, ya yi masa magana a kunne, ya sallame shi. Ki gaya masa ya yafe mini, da na fara zargin ko ƙarya ya yi mana."

Ka ji daɗin wannan, ɗan'uwa, ka ji shi har cikin ranka. Za a ci shinkafa da soyayyar albasa, ba wanda zai yi ƙorafi. Da hannunta za ta zuba maka, ta sa a lulluɓa maka bargonta. Saudatu za ta juya baya kafaɗunta na rawa, ka bar ta, sanyi ne.

Sai kun hau babban titi, waya ta fara kamawa, za ka ji Hajiya a kujerar baya tana magana da yayanta na Yawuri da ƙarfi. Za ta daɗe. In ta gama za ta dafa kafaɗar 'yarta.

"Ki gaya masa an gode Allah. Akwai wata dorina da ta hana masunta sakat a mashigin garinmu, ta kife kwale-kwale ya fi a ƙirga. Na ce su daina wahalar da kansu. In kun zo hutu zai shiga ya yi mata magana."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a mura, ciwon ƙirji, ɓatan hula, ko duk wata sarautar ruwa da aka naɗa wa mai karatu ba da saninsa ba. Abin da na ɗauka shi ne surukarka ta yarda da kai, iyakar aikina ke nan, dorina ba fannina ba ce. Kada a kira ni, kada a turo mini Jalilu, in mun haɗu a masallaci ban san ka ba. Masu tambayar inda za su koyi iyo cikin gaggawa su sani council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe wurin ninkayar unguwar tun watan jiya. Saudatu kuma ta riga ta fara duba tikitin zuwa gida na Disamba.